Kusar da Ta Ci Fadamarmu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har fuskokin waɗansu da muka ci tuwo ƙwarya ɗaya sun ɓace mini. Amma akwai abu ɗaya da na san sai dai a binne mu tare, shi ne yadda fadamarmu ta fita daga hannunmu saboda wata 'yar kusa da ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba. Duk wanda na fara ba wa labarin nan yakan yi dariya da fari. Ni kuwa har yau ban taɓa samun wurin dariya a cikinsa ba.

A shekarun da ake shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau ne. Lokacin na yi aure, har mai ɗakina tana da goyo. Gidanmu ba gidan wadata ba ne, amma muna da abin da masu wadata ke kallo su haɗiyi yawu, wato fadama a bakin gulbi. Kakana ne ya sare ta bayan ya taso daga Rawayya, babana ya gada. Rake, albasa, taba, ɗan tattasai, duk tana ba mu. In damina ta yi gardama gero ya ƙi, fadamar nan ke rufa mana asiri, kuma da ita aka yi mana aure ni da yayana.

Dole in faɗa muku halin babana, don in ba ku san shi ba ba za ku gane sauran ba. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a kwance ya wuce. In ya ga ƙotar fartanya tana lilo, ko ta wane ce, sai ya tsaya ya buga mata ƙulli. Igiyar gugan masallaci, asabarin maƙwabci, linzamin jakin baƙo, duk sun sha hannunsa, kuma ba ya jiran godiya. Innata takan yi masa tsiya ta ce ranar da za a kai shi makwanci ma sai ya tashi ya ƙara ɗaure makarar. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ai abin da ya kwance kira yake yi.

To, a bariki can kan tudu akwai wani Bature mai son wani wasa da suke ce wa golf. Sanda ce mai lanƙwasasshen kai da 'yar farar ƙwallo kamar ƙwan zabo. Zai buga ta ta yi nisa, ya bi ta a ƙafa, ya sake bugawa, har ya jefa ta cikin wani ɗan rami. Babban mutum da gashin baki, wai wannan ne abin da ke hana shi sukuni. Takwarorinsa na waɗansu garuruwa yashi suke shimfiɗawa kewayen ramin, amma shi ya rantse sai ciyawa kore shar irin ta ƙasarsu. Sai ya sa aka yi ta haƙo ƙiri-ƙiri ana dasawa a kan tudu, ciyawar da mu muka ƙare ƙuruciyarmu muna yaƙi da ita a gona.

Garin neman ƙiri-ƙirin nan ne ya gangaro fadamarmu a kan doki, da tafintansa a baya. Ya daɗe yana kallon wurin, ya sauko ya taka ƙasar da takalminsa, ya yi wata magana yana dariya. Bayan ya yi gaba, tafintan ya dawo ya ja babana gefe. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mana ba.

“Baba, ina ba ka shawara. Ya ce in hakin tudu ya kama, shi ke nan. In ya ƙiya, nan za shi gangaro da wasanai, don nan ruwa ba su yankewa.”

Ni da babana muka kama hanyar gida. A zaure ya dube ni ya ce, “Gobe ka tahi bariki ka nemi aikin hakin ga. Ka raya mai shi awa ɗanka. In hakin tudu ya rayu, hwadamarmu ta rayu.” Haka na zama mai kiwon ciyawa, ba don ina so ba.

Ba a jima ba aka kawo masa injin yankan ciyawa a mota, ta hanyar Funtuwa da Tsafe. Abu ne da ake turawa da hannu. Yana da mulmulallun ƙarafa biyu kamar taɓare, ɗaya gaba ɗaya baya, a kansu yake gangarawa. A tsakaninsu akwai wuƙaƙe masu juyawa, da wata wuƙa guda a kwance daga ƙasa wadda suke gogawa a kanta su datse ciyawar. In aka ɗaga taɓaryar gaba wuƙar ta sauka ƙasa, in aka sauke ta wuƙar ta ɗaga. Tun ranar da mutane suka gan ni ina tura shi suka sa mini suna Wanzami, har mata masu ɗebo ruwa suna tambayata ko ina yin ƙaho.

Tare da injin aka zo da ƙarfen awo. Wani miƙaƙƙen ƙarfe ne mai faɗi, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya, a tsakiyarsa an soke wata kusa mai murɗi, irin wadda yanzu ake ce wa noti. Kan kusar bai zauna a jikin ƙarfen ba, an bar ɗan sarari tsakaninsu, kuma wannan ɗan sararin shi ne tsawon da ake so ciyawa ta tsaya. Sai a kifar da injin, a ɗora ƙarfen a kan taɓaren biyu, a yi ta gyara ta gaba har leɓen wuƙar ƙasa ya shige ƙarƙashin kan kusar cif, ba matsi ba lilo. A yi a hannun dama, a yi a hannun hagu. Baturen ya ce kafin kowane aski sai an yi wannan, don girgizar ƙasa takan sa injin ya zame.

Mu kuwa mutane ne da jikinmu ne ma'auninmu. Zane da kamu, gona da taki, rijiya da gaba. Don haka da na gane abin, sai na zura ɗan ƙaramin yatsana ƙarƙashin kan kusar, na ga ya shiga daidai, na ce wa tafinta ai ko ba ƙarfe zan iya. Da aka fassara masa, Baturen ya kama hannuna ya jera da nasa, ya kira kuku ya jera nasa, ya nuna mini yatsu uku kowanne da kaurinsa. Ya yi magana da ƙarfi yana kaɗa ƙarfen a gaban hancina.

“Ya ce yatsa na ƙarya, ido na ƙarya, ƙarhe ba ya ƙarya,” in ji tafinta. “In ya koma ganin ka auna da hannu, a bakin aikinka.”

Na ji tsoro, don a bakin aikina yana nufin a bakin fadamarmu. Daga ranar na kashe idona da yatsana, na bar wa ƙarfe magana. Kuma gaskiya abin ya yi kyau. Muka fita damina, muka ci kaka, muka shiga rani, ciyawar nan tana nan lif kamar darduma. Jakuna da mata suna hawo da ruwa daga gulbi safe da yamma, ni ina aski. Baturen yakan durƙusa ya shafa ta da tafin hannu ya gyaɗa kai. Duk yamma in na koma gida babana zai tambaye ni lafiyar haki kafin ya tambayi tawa, ni ma ban taɓa jin haushi ba.

Da bazara ta kama, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi, sai Baturen ya tashi rangadi, zai yi Tsafe ya zagayo ta Bungudu, tafinta na biye da shi. Da ma a ɗakinsa ƙarfen awo ke kwana. Ranar tafiyar ya miƙo mini shi da hannu biyu, ya ce amana. Ban yarda in bar shi a bariki ba, na naɗe shi a tsumma na kai gida, na soke a rufin zaure inda hannun yara ba ya kaiwa. Da safe in ɗauka, da yamma in mayar.

Wata safiya na kifar da injin kamar kullum, na ɗora ƙarfe, sai wuƙar ta ƙi shiga ƙarƙashin kusa. Ban yi mamaki ba, na ce injin ne ya zame. Na kwance, na yi ta gyara har ta shiga cif, dama da hagu, kamar yadda aka koya mini. Na tura. Tun taku na farko na ji injin ya yi nauyi, kukansa ma ya sake. Da na waiwaya sai na ga bayana ba kore ba ne, fari-fari ne, jijiyoyin ciyawar duk a waje, har ƙasa tana leƙowa.

Wata tsohuwa cikin masu kawo ruwa ta sauke tulunta ta ce, “Kai Wanzami, yau kuma ƙwal-kwabo kay yi mata? Rana ta gan ta haka tsirara ai ba ta barin ta.”

Na sake kifar da injin, na sake ɗora ƙarfe, ƙarfe ya ce daidai ne. Na ruga wurin kuku, shi kaɗai ya rage a gidan, na ce ya zo ya gani. Ko leƙowa bai yi ba, ya ce shi miya aka ba shi ba haki ba, in yi abin da mai gida ya ce in huta. Na tsaya a rana ina kallon ƙarfe ina kallon ciyawa. Idona yana ce mini bari, ƙarfe yana ce mini ci gaba, kuma an riga an gaya mini wanda ke ƙarya a cikinsu. Na yi tunanin ko haka ake yi mata da zafi don ta sake tofowa, wa ya san hikimar Turawa. Na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya na aske su duka.

Kafin azahar wurin ya fara komawa ruwan toka. Washegari ya zama launin karan dawa. Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Duk gidanmu muka kwashe muka hau tudu da tuluna, ni da yayana, da innata, da mai ɗakina da goyonta. Babana, da furfurarsa, ya ɗauki tulu a ka yana hawa yana sauka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da na yi wayo. Muka bar albasarmu tana ƙishi muna shayar da ciyawar wasa. Muka yanko ganyen rake muka rufa mata inuwa, muka barbaɗa taki, babu abin da ba mu yi ba. Ruwan yana sauka ƙasa tana shanyewa kamar ba a zuba ba. Sai gara ta ji ƙanshin busasshen abu ta fito ta gama da sauran. Ina iya tuna babana durƙushe yana tona ƙasa da farce yana neman jijiya ɗaya mai rai, yana cewa a hankali, “Tashi mana, tashi mana.”

Ranar da Baturen ya dawo na riga na shirya wa bulala, har ina fatan a yi mini ita in dai za ta tsaya a kaina. Ya sauka daga doki ya zagaya wurin. Ya karɓi ƙarfen awo ya duba, ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan ma'auni mai zane-zane, ya kara a jikin kusar. Ya ce an murɗa ta, sararin ya ragu da fiye da rabi. Ya tambayi wanda ya taɓa. Na rantse da Allah ban taɓa ba, kuma gaskiya na faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai ma yi wani fushi ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da kusar inda take, sannan ya juya ya dubi gangare, wajen da rakenmu ke kaɗawa. Tafinta ya sunkuyar da kai, bai fassara komai ba, ni ma ban nemi fassara ba.

Babana ya je gaban manya ya faɗi ya yi gaisuwa, aka ce ya yi haƙuri, abin ya fi ƙarfin kowa. Aka zo aka kafa turaku, aka sare rake tun bai nuna ba, aka baje kunyoyin albasa. Aka nuna mana wani fako wajen hanyar Bungudu aka ce madadi ne, wurin da ko tumfafiya sai ta yi shawara kafin ta fito. Yayana ya kwashe iyalinsa ya koma Furfuri wurin surukansa, kuma har ya tafi bai dube ni ba. A wurinsa, da wurin mutanen unguwa, ni ne wanzamin da ya aske gidansu. Ni kuma na ɗora zargina a kan kuku, na yi ta ƙullatar bawan Allah a banza, ko sallamarsa ba na amsawa.

Ba a kore ni ba, don babu wanda ya iya injin sai ni, kuma ban iya barin aikin ba, don yanzu bakin gidan duka a kansa yake. Wannan ne azabar da ta fi kowace. Kullum in sauko fadamar ubana da injin Bature, in auna, in aske. Ciyawar kuwa ta kama, don me zai hana ta? Da ruwa ya sauka sai tsofaffin saiwoyin rakenmu suka riƙa tofowa ta tsakiyar filin, 'yan korayen kunnuwa, ni kuma in bi ta kansu in datse su daidai tsawon da ƙarfe ya ce. Babana yakan zo ya zauna can gindin wata giginya a bakin iyaka, inda ba a hana shi ba, ya yi ta kallo har rana ta yi sanyi. Ya rame, maganarsa ta ragu, amma bai taɓa faɗa mini kalma mai zafi ba.

Wata rana bayan la'asar na same shi a zaure yana ɗaure wata tsohuwar ƙota. Na zauna kusa da shi, sai kawai hawaye suka zubo mini, ni da nake uban wani. Ya ajiye ƙotar ya dafa gwiwata.

“Bari kuka. Rabonmu na ya ƙare. Wa bai yi ƙoƙari ba? Kai ka yi, ni ma na yi iyakar nawa. Har ƙarhen nan nai sai da nig gyara maka.”

Na ɗago. Na ce, “Wane ƙarhe, Baba?”

“Wanda kaka sokewa nan bisa. Na ɗauko in gani, nig ga kusatai ta kwance, kanta bai ko zamna ba. Nic ce yaron ga amana anka ba shi, kar ta hwaɗi ta ɓace a ce shi na. Nis sa bakin wuƙa nim murɗa ta har ta yi tauri, nis shahwa mata man kaɗe.” Yana faɗa yana nuna mini da babban yatsansa yadda ya murɗa, fuskarsa har da ɗan haske, irin na mutumin da ya tuna wani alheri da ya yi.

Zauren ya yi mini ƙunci. Shi bai je bariki ranar da aka auna kusar ba, ni kuma kunya ta hana ni ba da labarin a gida, don haka bai taɓa sanin kusar ce ta yi ɓarnar ba. A ganinsa zafin bazara ne da ƙaddara. Kalma ɗaya zan faɗa in wanke kaina a wurin yayana da duk unguwa, kuma kalmar nan ita za ta kashe tsohon nan a zaune. Na haɗiye ta. Na ce, “Allah shi saka da alheri, Baba.” Ya ce amin, ya ɗauki ƙotarsa ya ci gaba da ɗauri.

Bai ga kaka biyu bayan wannan ba. Ya rasu bai sani ba, innata ma haka. Yayana ya zo jana'iza, muka ɗauki makara tare, ya koma Furfuri bai kwana ba, kuma har shi ma ya bi su yana ganin ni na sayar da gadonmu da sakaci. Kuku kaɗai na je na nemi gafararsa, ya yi ta tambayata laifin me, na ce shi dai ya yafe. Baturen kuwa an ɗauke shi zuwa wani gari, wanda ya gaje shi ba ya son wasan, injin ya yi tsatsa a bayan ɗakin ajiya. Amma fadama ba ta dawo ba, don abin da ya shiga hannun manya ba ya sanin hanyar gida. Ta tafi saboda wasan da aka yi shekaru kaɗan aka watsar.

Mutane sukan ce garin gyaran gira a rasa ido, suna faɗa suna dariya. Ni na ga wanda ya rasa, kuma na san ba mugunta ta kai hannunsa ba, ƙauna ce. Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ka gani a kwance ba ne yake kiran ka, wani haka mai shi ya bar shi, kuma tambaya ɗaya da ta cece mu. Na kuma koyi cewa ƙarfe ba ya ƙarya, amma abin da hannun ƙarshe ya gaya masa shi yake maimaitawa, don haka wanda Allah ya ba ido kada ya yarda a sa shi ya rufe. Na gaji hannun babana, har yau in na ga abu yana lilo sai in ji yatsuna suna motsi. Sai in tura hannun cikin aljihu, in nemi mai abin in tambaye shi, ina jin muryar tsohon nan a kunnena yana cewa amin.